Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Rashi, Amintaka da Waraka a Rayuwarta

An fi sanin Nana Asma'u da malanta. Duk inda aka ambace ta a fagen nazarin Hausa, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne tsarin 'yan taru, da waƙoƙin wa'azi irin su Godaben Gaskiya, da ƙwarewarta a harsuna uku na rubutu: Larabci da Fulatanci da Hausa. Wannan shaida ce ta gaskiya, sai dai ta kan rufe wani ɓangare na rayuwarta wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Wanda ya bi ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, ayyuka kimanin 60, zai tarar da cewa kaso mai yawa daga cikinsu marsiyyoyi ne. Ta yi wa baffanta, ta yi wa yayyenta, ta yi wa mijinta, ta yi wa aminiyarta, ta yi wa maƙwabciya da ɗaliba. Ke nan wannan mace da ake kallo a matsayin ginshiƙin ilimin mata ta shafe rayuwarta tana binne waɗanda take ƙauna, kuma daga cikin wannan alhini ne ta fitar da ma'aunin da take auna darajar mutum da shi. Rayuwarta, in aka karanta ta ta wannan fuska, tarihi ne na yadda zuciya ke karyewa ta ɗoru, ba sau ɗaya ba.

Maraici da gidan da ya rene ta

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina ko Hassana za a kira ta, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin hijirar Manzon Allah (SAW). Tun daga ranar suna, ke nan, ba a bar ta ta zama rabin wani ba. An ba ta suna nata na kanta, mai ɗauke da tarihin macen da aka dogara da ita a ranar tsanani.

Mahaifiyarta Maimuna, wadda 'yar'uwar Shehu ce ta jini, ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai. Renonta ya koma hannun sauran matan gidan, musamman A'isha, wadda ake kira Iyya Garka, da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello, wadda ake kira Inna Garka. A adabin baka na Hausa kishiyar uwa ba ta da kyakkyawan suna. Tatsuniyoyi cike suke da marainiyar da aka aika rafi mai nisa don a rabu da ita. Abin da Asma'u ta gani a gidan ubanta akasin haka ne, kuma ba ta manta ba. Bayan shekara kusan 40, da ta zo jera sunayen mata salihai a waƙa, ta saka waɗannan iyaye nata biyu a sahu ɗaya da manyan waliyyan mata na duniyar Musulmi. Wannan reno ne kuma ya kusanta ta da Bello, wanda ya girme ta da kimanin shekara 12, har dangantakarsu ta wuce ta 'yan uba ta zama ta malami da ɗaliba, daga baya ta abokan shawara.

Akwai kuma abin da ta tashi tana ji daga bakin mahaifinta. A cikin Nurul Albab Shehu ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗaukar su tamkar kayan amfanin gida da ake jefarwa idan sun fashe. Ya kuma gargaɗi mata kada su yarda da masu ce musu tsirarsu tana cikin biyayyar miji kaɗai, ba tare da an koya musu biyayyar Allah da ManzonSa ba. Yarinyar da ta girma a ƙarƙashin irin wannan koyarwa ta san cewa ƙimarta ba daga aure za ta fara ba. Wannan shi ne jarin da ta shiga gidan miji da shi, kuma da wuya a fahimci zaman aurenta ba tare da shi ba.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Abin da ya biyo baya sananne ne ga masu nazarin jihadi: nasarar Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, sannan musibar Tsuntsuwa a ƙarshenta, inda jama'a ta yi asarar mutum kusan 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sai kuma Alwasa a 1805. Tarihi ya fi adana sunayen mazan da suka faɗi a fagen fama. Amma mata da yara su ma sun yi tafiyar, a ƙasa, cikin yunwa da zazzaɓi, daga zango zuwa zango har Gwandu. Asma'u ta ga zawarawa da marayu tun kafin ta san ma'anar takaba. Waƙar Filitage da ta tsara da Fulatanci shekaru da yawa bayan haka, wadda ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa da sunan Waƙar Gewaye, ta nuna cewa hanyar nan ba ta taɓa fita daga ranta ba.

Giɗaɗo

Wajen 1807, yaƙi bai ƙare ba, Alƙalawa ma ba ta faɗi ba tukuna, aka ɗaura mata aure da Usmanu ɗan Laima. Laƙabinsa ne ya danne sunan yanka: Giɗaɗo, kalmar Fulatanci mai nufin abin ƙauna. Ita tana da kimanin shekara 14, shi kuwa ya haura 30. Aure ne irin na zamaninsa, manya suka ƙulla shi, kuma yana da fuskar siyasa, domin Giɗaɗo shi ne babban aminin Bello, kuma auren ya ƙara ɗaure shi da gidan Shehu. Babu dalilin yi wa wannan farko kwalliyar da ba tasa ba. Abin nazari shi ne abin da auren ya zama daga baya, cikin fiye da shekara 40 da suka yi tare.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Shi ne mai kula da wasiƙu da harkokin masarautun gabas, shi ne mai tafiye-tafiye, shi ne mai saukar da baƙi. A hannunsa Bature ɗan yawon bincike Hugh Clapperton ya sauka a 1824, da kuma zuwansa na biyu wanda ya ƙare da mutuwarsa a Sakkwato a 1827. Gida ne da ba ya rabuwa da malamai da manzanni da masu neman alfarma. A irin wannan gida abu ne mai sauƙi uwargida ta nutse cikin hidimar tukwane da baƙi har a manta da ita. Asma'u ba ta nutse ba. Ta haifi 'ya'ya maza, ta riƙe gida, kuma a cikin wannan gidan ne ta rubuta kusan duk abin da aka san ta da shi. Mijin da ke da ikon rufe ƙofa bai rufe ba: mata suna shigowa daga ƙauyuka neman karatu, malamai maza suna aiko mata da wasiƙu da waƙoƙi tana mayar da amsa da sunanta, har da wani malami ɗan ƙasar Shinƙiɗi da ya ratso Sakkwato ta yi masa waƙar maraba da Larabci.

Ana iya cewa wannan alfarma ce ta 'yar Shehu, ba halin Giɗaɗo ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma alfarma tana iya sa a ƙyale mace ta yi karatu. Ba ta sa miji ya zauna ya yi aiki tare da ita. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan irin zamansu ita ce ayyukansu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Abin da Giɗaɗo ya rubuta a zube da Larabci game da Shehu da Bello, Asma'u ta zuba irinsa a waƙa da Fulatanci don waɗanda Larabci bai kai gare su ba. Miji da mata ne da ke da aiki guda, masu karatu daban.

Shekarar 1817 da abin da ya biyo ta

A watan Afrilun 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. A cikin shekarar kuma Hassan, abokin tagwaicinta, ya bi shi. Tana da shekara 24 ta rasa uba da wanda suka kwanta ciki ɗaya. Gidan kansa ya tsage: Abdullahi ɗan Fodiyo ya koma Gwandu da ɓacin rai kan yadda aka yi mubaya'a ga Bello, kuma sai da aka yi shekaru kafin baffa da ɗa su sasanta a Kalambaina. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, garuruwa da dama suka warware alkawari. Abin da aka gina da jini ya yi kamar zai rushe a shekara ɗaya.

Abin da Asma'u ta yi a wannan hali shi ne ya zama ɗabi'arta har ƙarshen rayuwa: ta juya alhini ya koma aiki. Ta duƙufa, tare da mijinta, wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su, takardun da suka sha hijira da ruwan sama da gara a cikin gafakoki. Aiki ne na ilimi, amma kuma hanya ce ta ci gaba da zama da uban da ya tafi. A 1820 ta fitar da Tanbihul Gafilina, kuma daga nan alƙalaminta bai tsaya ba.

Wata 'yar gajeruwar waƙa ta 1822 ta fi kowace bayyana yadda ita da Bello suke riƙe juna. Rundunar Gobirawa da Azbinawa ta taso, hankalin mutanen Sakkwato ya tashi. Bello ya tsara waƙa wadda haruffan farkon baitocinta suka haɗa ayar nan ta Suratu Alam Nashrah mai alkawarin sauƙi tare da tsanani, Asma'u kuma ta mayar masa da amsa da Fulatanci a kan tsarin ayar. Ba ta ɓoye tsoro ba, kuma ba ta yi wa ɗan'uwanta alkawarin nasara daga kanta ba. Ta mayar da shi ne ga alkawarin da ya riga ya sani. A wurinta fata ba buri ba ne na zuciya, ilimi ne da mutum biyu ke tunatar da juna idan ɗaya ya fara raurawa.

Bayan shekara biyu jarrabawar ta shigo har ɗakinta. Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa a watan Afrilun 1824 ɗan Waziri da ya fi so, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa masa, ya rasu da ciwon agana bayan an ɗauka ya fara samun sauƙi, aka binne shi a cikin gida. Baƙon ya ga baƙin cikin uban domin uban ne ke fitowa zaure. Uwar tana ciki, bayan katanga, inda idon matafiyi ba ya kaiwa.

Matan da yaƙi ya kawo

Ba za a yi wa tarihi adalci ba idan aka yi maganar waraka a rayuwar Asma'u ba tare da an faɗi inda raunin ya fito ba. Yaƙe-yaƙen da suka kafa daular, da waɗanda suka tsare ta, irin su Gawakuke a 1836, sun cika gidajen Sakkwato da Wurno da ribaɗoɗi da mata kamammu. Da yawansu Hausawa ne daga Gobir da Zamfara da Kabi, an raba su da mazajensu da garuruwansu, wasu sun zama bayi, wasu ƙwaraƙwarai. Gidan su Asma'u na cikin waɗanda suka ci nasarar da ta jawo wannan hali. Abin da waɗannan mata suka zo da shi na jinyar zuciya shi ne bori: girka, da kiɗan garaya, da zumuncin 'yan'uwa mata ƙarƙashin jagorancin Inna, wadda a Gobir take da matsayi babba a fada. Ga macen da ta rasa haihuwa, ko ta rasa ɗa, ko kishi ya hana ta barci, bori wuri ne da ake sauraron kukanta.

Asma'u ta yaƙi bori ba da wasa ba, kuma waƙoƙinta na tsoratarwa suna da zafi ainun a kan masu yin sa. Amma ta gane abin da masu hani da yawa ba su gane ba: ba a raba mai ciwo da maganinsa a bar shi hannu wofi. Abin da ta yi cikin shekarun 1830 ƙoƙari ne na samar da madadi ta fuska uku.

Na farko shi ne abin koyi. A 1836 Bello ya rubuta Kitabun Nasiha, inda ya tattaro labaran mata sufaye, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, ta yi da Hausa da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta fara da matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta bi ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko har kan matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani da ido. Ba ƙaramin abu ba ne baiwar da aka kamo daga Gobir ta ji, da harshenta, cewa Rabi'a, wadda ruwayoyi suka ce ita ma ta ɗanɗani bauta, tana cikin waɗanda ake tawassuli da su.

Na biyu shi ne magani. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, inda ta tattaro abin da aka ruwaito na falalar surorin Alƙur'ani da amfaninsu wajen neman waraka. Abin lura shi ne irin matsalolin da littafin ya kula da su: ba ciwon jiki kaɗai ba, har da damuwa da tsoro da talauci da zaluncin masu iko da halin da mata ke shiga wajen ciki da haihuwa. Waɗannan su ne ƙofofin da ake bi a shiga bori. Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, amma nasa sun fi karkata ga cututtukan jiki da tsirrai. Ita ta fi duban abin da ke hana zuciya kwanciya.

Na uku, wanda ya fi daɗewa, shi ne zumunci. Tsarin 'yan taru ya ɗauki tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, waɗanda hidimar aure ba ta ɗaure su ba, su taso daga ƙauyuka ƙungiya-ƙungiya zuwa wurinta, su koyi waƙoƙi su koma su koyar da na gida. Shugabar kowace ƙungiya ita ce jaji, sunan da aka aro daga mai jan gaban ayari, kuma Asma'u da kanta take naɗa ta da malfa da jan ƙyalle. Malfar nan alama ce da aka san Innar Gobir da ita. Wato ba ta zubar da darajar da matan suka sani ba, ta canja mata alƙibla ne kawai. Bazawara ko gwauruwar da ta wuce haihuwa, wadda a idon gari ta gama amfani, sai ga ta da malfa a ka tana jan ayari, ana jiran ta da karatu, ana kiran ta wankan gawa da jinyar marar lafiya da sulhunta ma'aurata. Ko an yarda da hukuncin Asma'u a kan bori ko ba a yarda ba, da wuya a musa cewa ta ba wa matan da aure ya gama da su, ko yaƙi ya raba su da nasu, wani dalilin ganin kansu da ƙima.

Marsiyyoyin

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Wannan ne rashin da ya fi girgiza ta a rubuce. A marsiyyar da ta yi masa ta sauke duk wata rigar malanta, ta siffanta kanta da abin da aka yasar ba mai jin kukansa, maraya a karo na biyu tana da shekara 44. Masu nazari sun daɗe da lura da wani abu game da wannan waƙa da kuma Gikku Bello da ta biyo ta: mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, ya gina birni da ribaɗoɗi, ƙanwarsa ba ta tsaya a kan takobinsa ba. Abin da ta lissafa shi ne iliminsa, da tausayinsa ga raunana, da karamcinsa ga baƙo, da yadda yake warware mata matsala idan ta kawo. Bambancin wannan da kirarin fada a fili yake. Maroƙi yana auna sarki da garuruwan da ya ci; ita ta auna shi da mutanen da suka sami sanyi a wurinsa.

Rasuwar Bello ta taɓa gidan ta wata fuskar. Giɗaɗo ya rasa amininsa na ƙuruciya, kuma zamansa da sabon Sarkin Musulmi Abubakar Atiku bai yi daɗin na da ba. Ya ja jiki daga hidimar mulki, daga baya wazirci ya koma hannun ɗansu Abdulƙadir a zamanin Aliyu Babba. A waɗannan shekaru ne ma'auratan suka fi yin aiki tare. Shi ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen Bello, ga kuma Raudul Jinan a kan karamomin Shehu. Ita ta tsara Filitage da sauran waƙoƙin tarihi. Tsofaffi biyu ne da suka rage daga cikin waɗanda suka ga Ɗegel da idonsu, suna zaune suna tuna wa juna sunayen wurare da na matattu don kada su ɓace. Idan akwai hoton ƙauna a wannan aure, to a nan yake.

Da Giɗaɗo ya rasu, ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Mai karatun yau da ya saba da littattafan soyayya na Kano zai iya jin ta da sanyi. Ba ta bayyana shauƙi ba. Ta ambaci riƙonsa da amanar Shehu da ta Bello, da kulawarsa da iyalan Shehu, da saukar baƙi, da tsayuwarsa a kan gyaran masallatai da ƙofofin gari da ƙaburbura. Amma wanda ya san kunya da kawaici na Fulani da Hausawa, inda mace ba ta ko kiran sunan mijinta na fari, ba zai ɗauki wannan a matsayin rashin so ba. Yadda ta yi kukan ɗan'uwa a fili, al'ada ba ta ba ta damar yin kukan miji haka ba. Hanyar da ta rage mata ita ce shaida, kuma ta bayar da ita dalla-dalla, irin shaidar wanda ya san fitar mutum da shigarsa shekara 40. Sannan akwai abin da jerin ya tona ba da niyya ba: iyalan Shehun da ta ce ya girmama, ita ce ta farko a cikinsu.

Inda kawaicin ya sassauta shi ne a kan A'isha 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, wadda ta rasu wajen 1855. Mahaifinta aminin Shehu ne, su biyun kuma tare suka tashi, tare suka yi hijira, tare suka tsufa. Asma'u ta yi mata marsiyya fiye da ɗaya, kuma a cikinsu ne aka fi jin muryarta tsirara: kaɗaici, da rashin barci, da hawayen da ba su tsayawa. Har ta kare kanta daga mai zargi, ta kafa hujja da cewa shari'a ba ta hana zubar da hawaye don tausayi da bege ba, abin da ta hana shi ne kururuwa. Wannan matsayi yana da nauyi idan aka tuna daga bakin wa ya fito. Malamar da mata ke ɗaukar fatawarta ta ce musu baƙin ciki ba raunin imani ba ne, kuma ƙawancen mace da mace ya isa a yi masa kuka a rubuce, da Larabcin da ake yi wa sarakuna da malamai marsiyya da shi. A al'ummar da aure kan mutu a sake wani, sau da yawa ƙawa ce dangantakar da ta fi daɗewa a rayuwar mace, amma adabin rubutu bai cika ba ta wuri ba kafin wannan.

Daga nan marsiyyoyinta suka ƙara sauka ƙasa, zuwa ga matan da ba don ita ba da babu mai jin sunansu. Tun a 1844 ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai haƙuri da kyautata zumunci. A 1857 ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa duk inda aka kira ta, ga mai naƙuda ko ga gawa, ba ta duban dare ko nisa. A shekarar da ta biyo ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai. Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne siffofin da ta yaba wa waɗannan mata kusan su ne ta yaba wa Sarkin Musulmi da Wazirinsa: haƙuri, da sakin fuska, da amfanar mutane. Ma'auni ɗaya ta riƙe wa kowa. Ba ta yabi mace da kyau ko yawan 'ya'ya ko sunan mijinta ba, kamar yadda ba ta yabi namiji da dawaki ba. Tun da kuwa waƙoƙin nan haddace su ake yi ana rerawa a tsakar gidaje, to kowace mai sauraro tana jin abin da za a iya faɗa a kanta ita ma ranar da ta kau.

Shekarun ƙarshe

Ta rayu har ta ga rasuwar ɗanta Waziri Abdulƙadir wajen 1859, shekarar da Aliyu Babba ma ya rasu, sannan ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima marsiyya a 1863. Zuwa lokacin kusan babu wanda ya rage daga cikin waɗanda suka san ta tana yarinya. Duk da haka ayyukanta na wannan zango ba na mai jiran mutuwa ba ne. Ta ƙara karkata ga Hausa, harshen matan da suka fi bukatarta: Roƙon Ruwa a shekarar fari ta 1857, Dalilin Samuwar Allah a 1861. Ƙanenta Isa, autan Shehu da aka haifa a shekarar rasuwar mahaifinsu, wanda ya tashi a ƙarƙashin karantarwarta, shi ya riƙa mayar da waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa.

Ta rasu a 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Wannan karon ita aka yi wa marsiyya, kuma Isa ne ya tsara ta. Jagorancin 'yan taru ya koma hannun ƙanwarta Maryam. Takardunta kuwa sun zauna a gidan Giɗaɗo, suna wucewa daga Waziri zuwa Waziri cikin zuriyarsu, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa Jean Boyd su a shekarun 1970. Mata daga ƙauyukan Sakkwato ba su daina zuwa Hubbare ziyara ba, kuma ɗakin da ta zauna a gidan Waziri yana cikin wuraren da suke tsayawa.